Wasiƙa Zuwa ga Hatimin Ƙarin Wa'adi

Daga Tawa, cikin ƙasar Adar, zuwa ga mai girma Hatimin Ƙarin Wa'adi, mazaunin aljihun tebur a birnin Yamai.

Bayan gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyarka da ta tawadarka, da fatan sanyin ofis bai yi maka yawa ba, amma ba'du:

Dalilin wannan takarda, ranka ya daɗe, shi ne jiya da dare, ana idar da sallar lisha, daidai lokacin da bangon ɗaki ke amayar da zafin da ya yini yana haɗiya, kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke a unguwarmu, bai kuwa komo ba har ladan ya kira assalatu. Tsohuwata ta kwana a kan tabarmar da muka yayyafa wa ruwa har sau uku. Da gari ya waye uwargida ta buɗe firigo, inda ta jera ƙullin ƙanƙara da na zoɓo da take sayar wa mutanen kasuwa, sai ta tarar ledojin sun saki jiki suna iyo cikin ruwansu kamar kwaɗi a tabki, ta tsaya tana ƙirga asarar da leɓe, dala-dala, ba ta ce da kowa uffan ba. Ina cikin wannan hali na murɗa rediyo mai batir, na ji mai labarai yana faɗa, da murya irin ta mai sanar da ɗaurin aure, cewa an duba uzurin masu gina wata tashar wuta mai aiki da hasken rana, an gamsu, an kuma amince a ƙara musu lokaci. Nan take na san aikinka ne, domin ba a yin irin wannan alheri sai da kai.

Ban taɓa ganinka ido da ido ba, amma wani ɗan'uwanmu da ya yi shekaru yana ɗan aike a wani ofis ya siffanta mini kai: ya ce ba ka fi tsawon ɗan yatsa ba, kanka na itace ya yi sulɓi saboda yawan riƙo, kana da 'yar katifa mai shuɗiyar tawada inda ake dangwala ka, kuma tun da yake bai taɓa ganin an kawo maka takarda ka ƙi ta ba. Na yi mamakin yadda abin da akuya za ta iya haɗiyewa ya fi ƙarfin injiniyoyi da ministoci da bankunan duniya baki ɗaya.

To, Allah ya ja zamaninka, fatawa na zo nema, ko da yake ni ƙaramin almajiri ne wanda bai wuce zaure ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa kowace salla tana da lokacin zaɓi da lokacin larura, wanda kuwa ya bari duka biyun suka fita ba da uzuri ba ya yi saɓo, ramuwa kuma ta hau kansa. Har uzurorin ma sun ƙididdige su, irin su barci da mantuwa da suma, ba su bar ƙofa a buɗe ga duk mai son fakewa ba. Sun kuma karantar da mu, a mazhabarmu ta Malikiyya, cewa matar da mijinta ya ɓace, ba a san inda yake ba, idan ta kai ƙara gaban alƙali shekara huɗu za a yanka mata, daga nan ta yi idda ta huta. Wannan mas'ala kuwa ba baƙuwa ba ce a Adar, ƙasar da samarinta ke tafiya cin rani Abijan, wani a ji duriyarsa, wani shiru. Abin da nake so ka fahimtar da ni shi ne, a wane babi ka samo lokaci na uku, wanda ba ya fita, ba ramuwa a cikinsa, ba kaffara?

Ga misali a ƙofar gidanmu. A 2014 shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadu Isufu, wanda shi ma ɗan wannan jiha ne, ya aza dutsen farko na tashar gawayin ƙasa ta Salkadamna, arewa maso yamma da Tawa, aka ambaci megawat 600, aka yi kiɗa aka watse. Yaron da aka raɗa wa suna a waccan shekara yau ya isa a aike shi kasuwa da jikka biyar ya komo da canji daidai. Da jihar Tawa mace ce, dutsen nan kuma mijinta, da tuni alƙali ya sallame ta, ta yi wani auren, ta yaye biyu. Madatsar Kandaji kuwa tun 2008, zamanin shugaba Tanja, aka aza nata dutsen, wannan yayar Salkadamna ce. A 2022 aka sa hannu da wani kamfanin Ingila a kan tashar iska a Tarka, iskar dai tana nan tana kaɗawa fi sabilillahi.

Don kada ka ce na zalunce ka, na shaida an taɓa gama aiki. A 2018 an buɗe tashar hasken rana ta Malbaza, kudu da mu, mai megawat 7, da bashin da aka samo daga Indiya. A 2023 kuma ta Goru Banda, mai megawat 30, ta fara aiki, ko da yake ita Yamai take yi wa hidima. Sai dai waɗannan biyun hujja ce a kanka, domin sun nuna abin yana yiwuwa duk ranar da aka manta da kai a aljihun tebur. Ka kuma tuna abin da ya faru a watan Agusta na 2023, sa'ad da Najeriya, wadda a lokacin daga gare ta muke sayen wajen kashi 70 cikin 100 na wutarmu, ta rufe layi bayan juyin mulkin ƙasarmu, muka yi watanni muna koyon darajar fitilar hannu. Na ɗauka bayan wannan darasi za a jefa ka rijiya. Ashe sabuwar tawada aka sayo maka.

Kai, hatimi, bari in bar ranka-ya-daɗe in faɗa maka gaskiya! Ni in takardar kuɗin wuta ta zo na yi jinkiri, wa ke duba uzurina? Yaro ne zai zo da tsani da filaya, ya datse waya a gaban maƙwabta, in na biya kuma in ƙara da kuɗin maidowa. Ko sau ɗaya ka taɓa saukowa a kan tawa takardar? Ni ma ina da larura: gero ya yi tsada, gonar da ke kan dutse ba ta ba da komai ba, ga ƙanƙarar uwargida ta koma ruwa. Mai ɗinki na bakin hanya da ya yi alkawarin kayan biki, da mai walda, da mai injin niƙa, duk an yi musu tsawa yau saboda rashin kuran ya tsayar musu da aiki, ba wanda ya ƙara musu ko yini guda. Kai rangwamenka na masu kwat ne kawai.

Abin da ya fi ƙona mini rai kuma, tashar rana ce ake jinkirtawa, a Adar! Me ya ɓace? Ranar ce ba ta iso ba? Tun kafin hantsi take dukan duwatsun Keita da Buza har mutum ya kasa taka su da takalmin roba, ba ta taɓa aiko takardar neman uzuri ba, ba ta san hutun ƙarshen mako ba. Maƙwabcina, wanda ko harafin boko bai sani ba, ya sayo fano ɗaya na hasken rana a kasuwar Lahadi, ya ɗora bisa rufin shagonsa ya danne da duwatsu huɗu, ya haɗa da batirin mota, kafin la'asar yana yi wa mutane cajin salula a kan dala ashirin. Kowace safiya yakan hau ya goge ƙurar da tsohon rawaninsa. Shi ke nan dukan ma'aikatarsa, kuma jiya a layinmu fitilarsa kaɗai ke ci.

Saboda haka ga roƙona, tun da na san ba za ka yi murabus ba. Duk ranar da aka sake ɗauko ka don a ƙara wa wani lokaci, ka sa a rubuta a ƙarƙashinka ranar da wa'adin zai fita, da abin da zai hau kan wanda ya saɓa, a karanta mana a rediyo da Hausa yadda tsohuwata za ta ji. In kuwa hakan ya yi maka nauyi, to, ka zo Tawa a watan Afrilu ka kwana ɗaya a ɗakina, na ɗauke maka kuɗin mota. Wassalam.

Naka, wani mai biyan kuɗin wuta a kan kari, unguwar Bilbis, Tawa.

Na manta ban faɗa maka ba: kuran ya komo ina tsakiyar wannan takarda, ya kuma sake tafiya kafin in naɗe ta.