Ranar da Surukina Ya Zauna a Kan Man Shanu

Duk mazaunin Kado ya san abu biyu da ba sa sallama kafin su shigo gida: ƙurar hunturu da ƙarnin kifi. Ƙurar daga Sahara take tasowa, daga Disamba zuwa Fabrairu ba ta barin ko saman talabijin. Kifin kuwa ga kasuwarsa nan a unguwa, har daga Gwarinpa da Jabi da Life Camp ake zuwa sayen tarwaɗa. Su biyun nan ne suka haɗa baki suka zubar mini da mutunci.

Uwargida ta tafi biki Zariya, ta bar mini amanar falo: kujerun kushin na yadi guda biyu masu ruwan madara, da doguwa baƙa wadda kullum nake gaya wa baƙi fata ce zalla. Ran Asabar abokai suka zo kallon ƙwallo, na sayo kifi aka yi mana miyarsa da manja. Ana cikin ci aka zura ƙwallo a raga, wani ya yi tsalle, kwano ya bi shi, miya ta sauka a kan ruwan madara. Ban gama salati ba sai ga waya: surukina yana tafe daga Zariya zai tafi Umara, a gidana zai kwana kafin ya wuce filin jirgin Nnamdi Azikiwe.

Na tafasa ruwa, na zuba omo, na ɗauko burushin wanke mota na shiga dirza. Tabon da ke gefe guda ya samu hanya, ya mamaye rabin kujera. Maigadi ya leƙo ya ce, "Oga, ai bilic ne maganinsa." Gaskiyarsa, manja ya tafi, amma launin kujerar ya raka shi. Na kwara bokitin ruwa don ɗauraya, soson ciki ya sha ya ƙoshi. Don kada ɗayar ta fita daban, ita ma na yi mata wanka. Muka ciccibe su zuwa tsakar gida su sha iska, hunturu ya ce dama ku nake jira. Kafin la'asar ruwan madara ya koma ruwan kunun kanwa.

Sai na juya kan baƙar, wadda sanyi ya sa ta fara tsattsagewa. A nan ilimi ya motsa. Ai mu ne masu fata! Majeman Kano da bagaruwa suke jima tun kaka da kakanni, dukawa kuma da mai suke tausasa ta. Fatar jar akuyar Sakkwato ta ƙetare Sahara har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko. Wanda ya gaji wannan tarihi ba ya tambayar kowa yadda ake shafa wa kujera mai. Na buɗe firiji na ɗauko man shanun da surukata ta aiko wa 'yarta, na mulke kujerar tun daga kai har ƙafa. Ta yi sheƙin da ko ranar da aka saye ta ba ta yi ba.

Alhaji surukina ya iso cikin farar shadda sabuwa fil, ta sha bugu. Tunda 'yan'uwanta suna waje an lulluɓe su da zanin gado, baƙar na nuna masa. Na durƙusa.

"Baba, sannunku da zuwa. Ya hanya?"

"Lafiya lau," in ji shi, sai na ga ya ɗan yi ƙasa.

"Ya mutanen gida? Ya su Hajiya?"

"Duk suna gaishe ka." Ya ƙara yin ƙasa.

Gaisuwar Zazzagawa ba gajeriya ba ce. Kafin mu kai ga tambayar sanyi, ni da surukina muna zaune a kan tayal ido da ido. Ya shaƙi iska ya ce, "Yarinyar ba ta nan, amma ina jin ƙamshin tuwo da man shanu. Kai ka iya girki haka?" Da ya miƙe, bayan babbar rigar ya yi shatin rawaya daga kafaɗa zuwa gwiwa, ga kiyashi sun fara layi a hannun kujera. Bai ce komai ba sai "Allah ya kyauta." Ban san lokacin da ya taɓa waya ba, na dai ga kiran 'yarsa yana shigowa.

Washegari na ɗauko wani dattijo mai gyaran kushin daga kasuwar kujeru ta Kugbo, kan hanyar Keffi. Ya kifa baƙar, ya nuna mini bayan abin da aka rufe ta da shi. "Maigida, ka ga yadi? Roba ce aka shimfiɗa a kansa. Fata ta gaske bayanta gashi-gashi ne, tana shan mai. Wannan ko ka ba ta kwalba guda a sama zai tsaya, yana jiran mai farar riga." Ya ce ko fatar gaske ba a ba ta man girki, don yakan yi tsami ya dusashe launinta. Tsumma mai ɗan danshi ya ishe ta, sai man da aka yi don fata jefi-jefi, a kuma nesanta ta da rana. Ta yadi kuwa, in mai ya zuba a danna tsumma a tsotse, ba a dirza. A barbaɗa garin sitaci ya janye man, a kakkaɓe, sannan a goga kumfar sabulu mara ƙarfi ba tare da jiƙa soso ba, a kunna fanka ta bushe a inuwa. Kowane magani kuma a fara gwada shi a bayan kujera, inda ido ba ya kai.

Kuɗin sabon yadi da soso da shaddar Alhaji duk a aljihuna suka fita, ko da yake har gobe ina nan a kan bakana cewa wanda ya ci ƙwallon nan shi ya kamata ya biya. Magidanta, in uwargida ta yi tafiya ku ci kifinku a kan tabarma, kuma kafin ku shafa wa kujera komai ku kifa ta ku ga da me aka yi ta.