Kyamarar Alhaji Za Ta Tafi Hutu

Idan mutum ya zo neman shawara kan kyamarar da zai saya don tafiya hutu, ba na fara tambayarsa nawa ke aljihunsa. Cewa nake yi: wa kake so ya ga hoton? Domin a wajenmu ba kasafai ake ɗaukar hoton tafiya don tuna baya ba, shaida ake tarawa. Akwai abokin wasan da ya taɓa cewa iyakarka tashar mota. Akwai facalar Hajiya da ta je Umara bara, har yau ba ta bar kowa ya huta ba. Akwai 'yan majalisa da ke ganin Dubai ɗin nan da kake yawan ambata a bakinka kawai take. Su ake yi wa hoton. Giwar Yankari da dogon benen Burj Khalifa 'yan rakiya ne.

Shi ya sa Alhaji zai tsallake wayar da ke aljihunsa, wadda ta isa ta yi kusan duk aikin, ya nufi kasuwa neman baƙar kyamara mai dogon baki, mai igiyar ratayawa da aka rubuta wa Canon ko Nikon da manyan haruffa. Duniya kuwa tuni ta juya. A 2010 kamfanonin ƙera kyamara, waɗanda akasarinsu na Japan ne, sun fitar da wajen miliyan 121 a shekara guda. Zuwa 2023 abin bai kai miliyan 10 ba, waya ta cinye kasuwar. To wannan faɗuwa ce ta ɗaga darajar kyamara a idonmu. Waya kowa na da ita, har mai rake. Amma ka rataya kyamara ka shiga taro, sai ka ga ana buɗa maka hanya, ana "a bar ɗan jarida ya wuce".

Sai dai nauyi ba ya jin kirari. Babbar kyamara da gilashinta takan kai kilo guda, ban da jaka da caja. Ranar farko tana wuyan Alhaji. Rana ta biyu tana wuyan yaron gida, yana biye da shi a baya. Rana ta uku tana ɗakin masauki ƙarƙashin filo, an koma ga waya. Idan kai sabon shiga ne, nemi wadda za ta shiga aljihun gefe na kaftani ba tare da ta karkatar da kai ba.

A shago kuma za ka haɗu da kalmar da ta fi kowace kalma cinye kuɗin bayin Allah: megafiksel.

"Ranka ya daɗe, wannan 48 ce. Ko ƙuda ya gifta a Bauchi kana Kano, za ta nuna maka launin idonsa."

"Babu mai 60?"

"Akwai, amma ta manya ce."

Shi ke nan, an gama da Alhaji. Megafiksel ɗaya ɗigo miliyan ɗaya ne na hoto. Hoton kati da ake wankewa a sa a albam, mai inci 4 da 6, bai buƙaci fiye da megafiksel biyu da 'yan kai ba. Sha biyu sun isa a wanke maka wanda za ka kafa a bangon falo, baƙi su riƙa tambaya. Kyamarar dijital ta farko, wadda Steven Sasson ya haɗa a kamfanin Kodak a 1975, ɗigo dubu goma kacal take kamawa, baƙi da fari, nauyinta ya haura kilo uku da rabi, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kaset. Daga can aka taso. Kai kuma da ka biya kuɗin ɗigo miliyan sittin, ina hoton zai ƙare? A WhatsApp, wanda zai matse shi ya zubar da mafi yawan ɗigon kafin ya isa wayar abokin wasan naka, mai fasasshen gilashi.

Abin da ya kamata ka tambaya shi ne girman farantin da ke karɓar haske a cikin kyamarar, da ingancin gilashin gabanta. Babban faranti ya fi jure duhu. Kada ka gwada ta a bakin titi da rana tsaka, inda kowace kyamara jaruma ce. Shiga lungun shagon inda haske bai kai ba, ɗauki fuskar mai shagon, ka faɗaɗa hoton ka duba. Idan fuskar ta fito da tsaki-tsaki, ko ta narke, mayar masa da kayansa.

Haka zancen jawo nesa. Iri biyu ne, na gaskiya da na jabu, kuma kwalin ya fi son ya buga lambar na jabun da babban rubutu. Na gaskiya shi ne wanda gilashin da kansa ke miƙewa ya jawo abin. Na biyun yanko tsakiyar hoton kawai yake yi ya kumbura shi, kamar mai ƙara wa fura ruwa: ƙwarya ta cika, furar ba ta ƙaru ba. Da irinsa ake dawowa daga Yankari da wani toka-tokan abu a tsakanin itatuwa, ana rantsuwa giwa ce, yara na cewa suri ne. Kuma ko na gaskiyar ne, iya jawowarka iya yadda rawar hannunka za ta bayyana. Manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ko ka jingina da mota, in direba ya kashe inji.

Wanda zai sayi ta hannu ya duba gilashi ko ya karce, ya tabbatar cajar tata ce, ya nemi batir na biyu, domin tsohon batir yakan mutu daidai lokacin da sarki ya ɓullo. Mimori kuwa a saye shi inda aka san mutunci. Akwai na jabu da aka rubuta wa 128 a baya alhali cikinsa bai kai haka ba. Zai yi ta karɓar hoto ba musu, sai an dawo gida a tarar rabin tafiyar ta ɓace. Araha ba ta ado. In jirgi za ka hau, batirin da ba ya cikin kyamara jakar hannu ake sa shi, dokar jiragen sama ke nan.

Littafin bayanin da ke cikin kwali, na sani, ba za a karanta ba. Hajiya ta riga ta ajiye kwalin don zuba zare da allura. To aƙalla a yi gwaji a gida mako guda kafin tafiya. Ɗauki awaki, ɗauki yara, ɗauki maigadi. A nan za ka gano cewa maɓallin ɗauka hawa biyu gare shi: ka danna rabi, kyamara ta daidaita idonta a kan abin da kake so, sannan ka ƙarasa. Masu dankwafe shi gaba ɗaya da ƙarfin tuwo su ne ke samun bishiyar baya tar, fuskar amarya dishi-dishi. A nan kuma za ka gyara kwanan wata, kada hoton hutun bana ya fito da shekarar da ba a ma haifi autanka ba, ka ba masu musu makami da hannunka.

Yanzu ga babbar magana, wadda ta fi duk kuɗin da ka kashe: rana. Mu mutane ne masu son fita hoto bayan an karya, an yi wanka, an jira Hajiya ta gama ɗaurin ɗankwali, wato wajen ƙarfe goma sha biyu. A lokacin rana na tsakar ka. Hula ta jefa inuwa a goshi, idanu sun faɗa rami, kowa ya yamutse fuska. Ga Alhaji cikin farar shadda mai sitaci tana walƙiya. Ita kyamara ba ta san Alhaji ba, ba ta san rigar aro ce ko tasa ba. Haske kawai take aunawa. Da ta ga wannan farin ya cika mata ido sai ta rage hasken hoton gaba ɗaya don kada rigar ta ƙone. Sakamakon: aikin wuyan riga ya fito zare-zare, mai rigar kuma ya zama inuwa mai haƙora. Daga nan a ce kyamarar ba ta son baƙar fata, a mayar wa mai shago.

Maganin ba ya cin ko sisi. A fita da hantsi, ko bayan la'asar lokacin da rana ta yi sanyi ta kwanta gefe. In dole sai da tsakar rana, a shiga inuwar bishiya ko ta gini, fuska na kallon fili. Akwai maɓalli mai alamar tarawa da ɗebewa. Ƙara ɗaya, fuska za ta dawo. Wani abin da ba a cika sani ba: filasha ta fi amfani da rana, domin ita ce ke kore inuwar hula daga ido idan kana kusa. Da dare kuwa ƙarfinta bai wuce 'yan taku ba. Duk da haka za ka ga bawan Allah a ƙarƙashin Burj Khalifa, bene mai tsayin mita 828, yana harba masa filasha, yana mamakin abin da ya sa ƙeyar wani Ba'indiye kawai ta fito.

Sai tsayuwa. Ban san wanda ya koya mana cewa hoto fareti ne ba. Mutum na cikin dariya, da an ɗaga kyamara sai ya ƙame, ya haɗe rai, hannu a gefe. Wani ya fito da makullin mota ya riƙe ta yadda tambarin zai fito. Wani ya kara waya a kunne, ba kowa a layin. Kuma dole a tsaya a tsakiya, a rufe abin da aka yi tafiyar kilomita ɗaruruwa don gani. Na ga hoton Dutsen Zuma wanda babu Dutsen Zuma a ciki, sai malum-malum da ɗan gefen dutse yana leƙowa ta bayan kafaɗa. Matsa gefe, Alhaji. Dutsen ya riga ka zuwa wurin, a bar shi ya fito.

Hajiya kuma nata tsarin daban. Kowane hoto sai an kawo ta duba. "Goge wannan, na yi ƙiba." "Goge, ɗankwalin ya karkace." "Wannan ya yi, amma me ya sa Yaya ta fi ni haske?" A zamanin fim, mai hoto na da 36 a cikin kyamararsa, in ya danna ya danna, sai bayan mako ka ga abin da Allah ya ba ka, ko ido a rufe ne haka za ka biya ka karɓa. Yanzu da hoto ya zama kyauta, iyali sukan yi rabin awa a bakin ruwan Wikki, ruwan nan mai ɗumi garai-garai da ake zuwa Yankari dominsa, ba wanda ya tsoma ko yatsa, ana ta sake ɗauka. Su kuwa biran wurin sun daɗe da fahimtar wannan ɗabi'a tamu. Sun san mai kallon bayan kyamara ba ya kallon ledarsa. Kafin a zaɓi hoton da Hajiya ta yarda da shi, gogon biri ya yi sama da burodin yara.

Dawakin Hawan Daushe a Kano ba sa jiran kowa ya gyara hula. In su za ka ɗauka, juya kyamara zuwa alamar mutum mai gudu, ka riƙe maɓalli ta yi ta harbawa, ko ɗaya cikin goma ya yi kyau. Kuma kada son hoto ya sa ka shiga gaban masu jahi.

Akwai inda kyamara ke komawa jaka ba gardama: shingen sojoji, barikin 'yan sanda, wasu sassan filin jirgi. A can igiyar nan mai manyan haruffa ba za ta cece ka ba, ita ce ma za ta fara jawo maka tambaya. Matan mutane da 'yan tallan kasuwa kuma a nemi izininsu. Mai nonon da ka gani ta yi maka kyau a hoto, sana'arta ta fito yi. Ka gaisa, ka sayi nonon, ka tambaya. In ta ce a'a, a'a ɗin ke nan.

Lokacin hunturu ƙura ce abokiyar gaba. Kada ka cire gilashin kyamara a fili iska na kaɗawa, kuma don Allah kada ka goge shi da bakin babbar riga bayan ka huro masa iskar goro. Ƙurar nan yashi ce, sitaci kuma ba auduga ba ne. Ɗan ƙyalle mai laushi na goge tabarau ya wadatar, bayan an fara kaɗe ƙurar.

In Allah ya dawo da ku lafiya, kwafe hotunan a kwamfuta ko wani wuri na biyu a daren, kafin autan gida ya gano maɓallin da ke share komai. Zaɓi ashirin masu kyau ka kai a wanke, domin sitatus na WhatsApp awa 24 yake yi ya ɓace, mimori kuma yakan bi wanki a aljihu. Sauran ɗari takwas ɗin, waɗanda suka haɗa da yatsanka, da ƙasa, da bayan kujerar direba, ba dole ne kowa ya gani ba.

Na san dai ba za ka ji wannan ba. Za ka tara 'yan sannu da zuwa a falo, ka haɗa kyamara da talabijin, ka fara daga hoton tayar mota a gidan mai. To ga dabara: su don tsaraba suka zo. Ajiye jakar a inda kowa ke ganinta, ka ɗora ƙafa a kai, kada ka zuge zif sai an kai hoto na ƙarshe.