Zuwa Ga Bawana Bazazzage Mai Jar Tarakta

Malam Bazazzage, bawana na gado! Labari ya iso mana Kano cewa taraktarka tana gareji an farke mata ciki. Damina ta kankama, maƙwabta sun gama huɗa, kai kuwa kana kan benci kana zuba wa bakanike Turancin Samaru.

An ce giyabos na Massey Ferguson 135 ka sayo don ka kwashe kayan cikinsa ka zuba wa tsohuwar 35 ɗinka. Hujjarka wai dukansu ja ne, kuma gida ɗaya suka fito. To, ban ƙi ta taka gaba ɗaya ba. A Kwabantiri ta Ingila aka ƙera su, 135 ta fito a 1964 ta gaji 35, da injin Perkins mai silinda 3, da giya 6 ta gaba 2 ta baya. Kaya da yawa suna shiga juna ba gardama. Abin da ya hana tsofaffin nan mutuwa ke nan, ga kuma TAFE a Indiya da Millat a Pakistan sun daɗe suna ƙera danginsu, kayan gyara ba sa yankewa.

Amma kama da wane ba ta wane. Wanda ka kinkimo, in ji waɗanda suka leƙa, mai Multi-Power ne, wato tsarin nan da kamfanin ya fito da shi a 1962. Ɗan makunni ne a gaban direba, ka ɗaga ko ka sauke ba tare da taka kuloci ba, giya 6 ta koma 12, ta baya ta koma 4. Da ƙarfin mai yake aiki, yana da famfonsa, shaf ɗinsa ma daban. Taka tsohuwar ba ta san wannan zance ba. Ko da bakanikenka ya yi dabara ya dasa mata, akwai halin da ya kamata ka sani: in makunnin yana ƙasa, inji ba ya riƙe tarakta a gangara, sakinta yake yi ta tafi abinta. Ina hango ka ka gangaro daga wajen Kufena da tirela cike da masara, hula ta tashi, kana salati. Kuma ba ta tashi da turi. Wannan kam na san zai fi yi maka ciwo, don ban taɓa jin Bazazzage ya sayi sabon batir da son ransa ba.

Sai kuloci. Wasu 35 ɗin mai hawa ɗaya gare su, wasu mai hawa biyu: ka taka rabi giya ta saki, ka kai ƙasa shaf ɗin baya mai juya injin casa ya tsaya. Ramin tsakiyar faifan ma ba iri ɗaya ba ne, wani haƙora 10, wani 25. Yaro ɗan firamare zai ƙirga wannan da tsinke. Ku da kuke tinƙaho da jami'a, ƙirgen haƙora ya gagare ku, sai da aka sa guduma aka raunata shaf.

Har wai ka tambaya ko na Ford zai shiga, tunda ka ji an ce asalinsu ɗaya. E, Harry Ferguson da Henry Ford sun yi musafaha a 1938 suka haɗa kai, shi ya sa ƙaramar Ferguson mai ruwan toka ta 1946 take kama da Ford 9N. Sai dai ta Ford giya 3 gare ta, ta Ferguson 4. Masu abin ma a kotu suka ƙare, kamfanin Ford ya biya dala miliyan 9.25 a 1952. Su ba su jitu ba, kai ne za ka sasanta giyoyinsu a gindin mangwaro?

Ga umarnin ubangidanka. Ka kwafi lambar da ke kan ɗan farantin ƙarfen jikin taraktar, ka sa tsohon ƙarfen da ya lalace a buhu, ka hau motar Kano. Zan raka ka Ƙofar Ruwa a ɗora sabo kan tsoho, a ƙirga haƙora a gabanka kafin ka fitar da ko sisi. La'adata daban, kuɗin shayi daban. Shi kuwa giyabos ɗin da ka yi asarar kuɗinka a kai, taho da shi, zan taimaka maka in saya a kilo.