Yaƙin Safiya a Ƙofar Nassarawa

Mai son sanin halin mutanen gida kada ya zo ranar suna, lokacin da kowa ya sha ado yana murmushi. Ya zo ranar Litinin, tsakanin sallar asuba da bakwai da rabi, ya shiga lungunan Ƙofar Nassarawa a watan Janairu, sa'ad da hazo ya lulluɓe gadar sama, ruwan randa ya koma ƙanƙara.

Zai fara cin karo da Sarkin Barci. Ana taɓa shi sai ya ce, "Na fa tashi," idonsa a rufe. A yaye bargo, ya naɗe cikin tabarma. A tura shi banɗaki da ruwan ɗumi, can an ji shiru a leƙa, a tarar da shi tsugune gaban bokiti yana gyangyaɗi, soso a hannu, ruwan ya huce. Abin haushin, ranar da babu boko shi ke riga zakara tashi.

Ƙaninsa kuwa mai wankan fuska ne. Ya jiƙa goshi da ƙafafu, ya watsa sauran ruwan a bango don a ji ƙara, ya fito yana rawar ɗari, ya lafta bazilin. Asirinsa ba ya tonuwa sai Umma ta leƙa bayan kunne.

Akwai mai ciwon ciki, ciwon da ya san kalanda. Ba ya zuwa Asabar, ba ya zuwa ranar hutu, kuma da ƙarfe tara ta wuce yake sauka. Maganinsa ɗaya: "Miƙo min mayafina mu je kemis a yi masa allura." Mai safa ɗaya ba sai an tsaya a kansa ba, kowane gida da nasa.

Wanda ya fi burge ni shi ne ɗan kasuwa. Shi ba ya gardamar wanka, ƙarfinsa ya tanada don kuɗin tara. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ya fi babansa sanin tsadar rayuwa. "Haba Umma, wannan ko awara ba za ta isa ba, balle ruwan leda." Ya karɓa a wurinta, ya zagaya zaure ya marairaice wa Baba kamar bai ga ko kwabo ba. Ku bar shi, wata rana za ku je gaishe shi a shagonsa na Kantin Kwari.

Ita kuma Hajiya ƙarama tun da duhu ta shirya, hijabi a goge, ta shanye kokonta. Sauran aikinta kai rahoto: "Umma, kin ga bai wanke baki ba."

Manyan ma ba a bar su a baya ba. Umma tana fifita gawayin guga, tana juya ƙosai, tana gyara goyo, tana kiran sunan yara uku a jere kafin ta dace da na mai laifin. Baba na kishingiɗe da rediyo, gudummawarsa tambaya ɗaya ce: "Wai har yanzu ba su shirya ba?" Amsarsa na zuwa a bakin ƙofa, inda yaro zai tuna an ce kowa ya zo da tsintsiya da sabon littafi. A waje mai Adaidaita Sahu ya danne hon. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013 jigilar 'yan makaranta ta koma hannunsu, shi ya sa yake jin kansa, ga yara cunkus a baya, jakunkuna na reto.

Duk waɗannan da sauƙi idan babu Kaka a gidan. An gama kokawa, an sa wa yaro takalmi, sai ya ɓalle ya faɗa ɗakinta. Ta rufe shi da zane ta ce, "Wa zai fitar min da maigida cikin wannan sanyi? Bokon guduwa za ta yi?" Umma ba ta da bakin musu da suruka. Baba ya ƙara muryar rediyo. Mai Adaidaita ya gaji ya ja kekensa, maigida kuma yana ciki yana shan kunun Kaka.

Gwamnatin Kano ta ce karatu kyauta ne kuma dole tun 2019. Jami'an da ke bin sawun wannan doka, don Allah ku daina wahalar da kanku a titi, ku yi sallama ku fara da ɗakin Kaka.