Ƙwallon Ƙarfe a Masussukar Mahuta

Duk wanda fatauci ya taɓa kai shi Maraɗi ta hanyar Jibiya, muddin la'asar ta riske shi a can, ba zai rasa ganin dattawa da ma'aikata sun taru a inuwar dalbejiya suna jifa da dunƙulen ƙarfe ba, cikin irin natsuwar da mu a nan sai a majalisin tafsiri muke ganinta. Wannan shi ne fetank, wasan da aka ƙaga a garin La Ciotat na kudancin Faransa wajen 1907, wanda kuma Nasara ya tafi ya bar wa mutanen Nijar gado. Sharuɗɗansa kaɗan ne: a tsaya cikin da'ira ƙafa biyu a ƙasa, a jefa ɗan ƙwallon katako nisan mita 6 zuwa 10, kowa ya nemi kusantar da ƙarfensa gare shi, ɓangaren da ya riga kai maki 13 shi ya ci.

Mai masaukina, wani tsohon ma'aikacin gidan waya, da ya ga sha'awa ta kama ni bayan na sayar da masarata, sai ya zaunar da ni ya yi mini bita. Ya ce, “Malam, kife tafin hannunka, ka bar ƙarfen ya zame ta kan yatsu, don ya tafi yana juyawa baya, kada kuma ka zura wa katakon ido, dubi inda kake nufin ƙarfen ya sauka. Buge ƙwallon abokin hamayya kuwa aikin gwanaye ne, almajiri kusantarwa yake koyo.” Ya ƙara da wata magana game da taka fili da ƙafa kafin jifa, amma daidai lokacin aka miƙo shayi.

Na komo Mahuta da ƙwallaye shida, kowanne gram 700, ga kaka ta yi albarka, an kai auduga Funtuwa, mutane ba su da aiki sai hira. Na zaɓi masussukar bayan gari, wadda bugun dawa ya daɓe ta tamkar tsakar ɗakin amarya, na zana da'ira, na yi wa jama'a muƙaddima mai tsawo a kan hikimar kife hannu, sa'an nan na durƙusa, na yi basmala, na saki.

Wallahi jifar ba ta da aibi ko kaɗan, kuma da a yashin Maraɗi ne, inda ƙasa ke kama ƙarfe ta riƙe shi, da sai an tashi an ba ni hannu. Amma ƙasarmu laka ce, in ta bushe ba ta san tausayi ba, ga kuma ɗan gangare wanda tun ina yaro nake bi ban taɓa jin ya gabatar da kansa ba. Ƙarfe ya wuce katako ko sallama babu, ya tarwatsa kaji, ya ƙara mai, bai zame ko'ina ba sai cikin ƙwaryar wata Bafulatana da ke tallan nono a gindin tsamiya.

A zauren Mai Unguwa na gabatar da hujjata, na ce, “Ranka ya daɗe, gangaren nan shi ya kamata a tuhuma.” Liman ya gyara zama ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ya halaka dukiyar wani, da ganganci ne ko bisa kuskure, lamuni ya hau kansa, gangare kuwa ba mukallafi ba ne. Bafulatana ta ce ƙwaryar gadon uwarta ce, nonon kuma na saniyar da ba ta da ta biyu daga nan har Malumfashi, kuɗi dai suka yi ta hawa har sai da suka cinye ribar buhu guda.

Da an shafa fatiha a nan, da shi ke nan. Sai Liman ya ce ba ya halatta a rufe hukunci ba a binciki alar ɓarna ba, ya karɓi ƙwallo ɗaya, ya jinjina, ya tambaye ni yadda ake kife hannun. Na ce, “Allah ya gafarta Malam, kamar haka.” Ya kife, ya saki, ƙarfe ya bi daɓen zaure ya sami randar Mai Unguwa a ciki, ruwa ya malalo har ƙarƙashin buzun da yake zaune.

Mai Unguwa ya tattare rigarsa, ya ce, “Malam, maimaita mana fatawar nan ta ɗazu.” Liman ya dubi rana, ya ce mas'alar tana da saɓanin malamai, a ɗage zama sai bayan magariba.