Wasiƙa daga Ditiroyit zuwa Tasawa

Zuwa ga Yaya,

Bayan tambayar lafiyar Inna da ta dangi na Mayayi har zuwa Kananbakashe, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso, wanda a cikinsa kake tambaya, da irin ladabin nan naka da ya fi faɗa ciwo, dalilin da ya sa kuɗin bana suka zo a rame alhali kuwa labari ya game gari cewa na sayi mota.

To, Yaya, motar ce ta saye ni. A wannan jiha ta Mishigan akwai wata doka tun 1973, wadda hukuncinta shi ne idan motoci suka yi karo ba a jiran a gano mai laifi kafin a yi jinya, kowa kamfanin inshorarsa ne zai biya masa asibiti, a da ma babu haddi har iyakar rai. Da na ji haka sai na ce masha Allahu, ashe Nasara sun yi imani da ƙaddara. Da takardar biya ta zo kuwa, sai na fahimci tasu ƙaddarar wata-wata ake biyanta. Malam ya karantar da mu a Risala cewa diyyar kisan kuskure tana kan aƙila, wato dangin wanda ya yi kisan, ana biya cikin shekara uku bayan abin ya auku, amma a nan aƙilata ita ce duk mai mota a jihar, mutanen da ban san kakan ko ɗayansu ba, kuma ana karɓa tun mutum bai taka ko kaza ba.

A 2019 Gwamna Whitmer ta sa hannu a gyaran dokar, daga Yulin 2020 aka ba kowa zaɓin haddin jinyarsa, ko dala 250,000, ko 500,000, ko mara iyaka. Ni da na girma ina hawa saman buhunan gero a hanyar Mayayi, ba wata kariya sai Ayatul Kursiyyu, ka san wanda na ɗauka. A 2022 aka maido wa kowace mota dala 400, su ne ragon layyar da kuka ci kuka zaci arziki ne ya buɗe.

Sai dai gyaran ya zaftare ladan masu kula da waɗanda haɗari ya naƙasa, suka koka, kuma wallahi da gaskiyarsu. A 2023 majalisar dattawan jihar ta yarda a ƙara musu, maganar ta maƙale a ɗaya majalisar, kamfanoni kuwa suna ta rantsuwa cewa ranar da aka taɓa dokar farashi zai tashi. Kowane ɓangare yana da hujja, amma duk aljihuna suke kallo.

Saboda haka ka ce wa autanmu babur ɗin kabu-kabu sai bayan kaka, kai kuma ka daina ƙorafi idan jandarma ya nemi takardar inshora a hanyar Maraɗi. Inna ta sa ni a addu'a, ƴan majalisa su sasanta ba tare da sun tuna da ni ba.

Wassalam,
Ƙanenka