Alhaji, Ɗaki Nawa Kake Kwana a Ciki?

Na san tun daga kanun nan wasu sun ɗaure fuska. Alhaji ya zamo da tabarau kan hanci, yana tambayar wane marar kunya ne ya leƙa masa gida. Allah ya huci zuciyarka, ranka ya daɗe, ba wanda ya leƙa. Daga bakin titi ake hango benen, kuma duk mai wucewa bayan isha'i ya san taga ɗaya ce ke da haske, ita ma a ƙasa.

Da dattawan Kano nake, waɗanda suka kafa manyan gidaje a Nasarawa da Bompai da Gyaɗi-Gyaɗi da Hotoro, tun daga ma'aikatan da ƙarin albashin Udoji ya faɗo wa a tsakiyar shekarun 1970 har 'yan kasuwar da suka biyo sahu. An yi ginin ne da lissafin mata biyu ko uku da yara goma sha, kuma a lokacin lissafin ya fita. Yau 'yan matan suna ɗakunan mazajensu, babban yana Abuja, mai bi masa yana Legas, autan kuwa sai dai a gan shi ta waya daga Ingila yana kukan sanyi. An bar Alhaji da Hajiya da maigadi.

Ita Hajiya rabonta da sama tun ranar da gwiwa ta fara yi mata gardama. Gadonta ya sauko ƙaramin falo, kusa da banɗaki. A can sama an kulle ɗakuna a kan tsofaffin katifu da kwalla da samira da talabijin ɗin da ba mai gyaransa kuma. Kwano yana yoyo tun farkon damina, ba a gane ba sai da silin ya rufto. Gara kuwa ta cinye ƙofar ɗakin baƙi ba tare da ta yi sallama ba.

To, in ji Alhaji, in na sayar da gidan ko na yanka shi, ai sai a ce na karye. Wai har yanzu kana zaton ba a magana? Ana yi, Alhaji. Fentin da ya ɗaɗe ake kallo, da ciyawar da ta rufe garejin motoci huɗu. Gida irin wannan kamar doki yake, ko ba ka hau ba sai ka ba shi harawa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, janareton da a da ke kwana yana ruri ya koma sai an yi baƙo. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin Band A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kowane yunit. Ga bohol da ke son wuta, ga albashin maigadi da mai shara, ga fanshon da yake nan inda aka bar shi. A haka kake ciyar da ɗakuna shida don kada majalisa ta ce wani abu, alhali rabin 'yan majalisar da kake jin kunya su ma a falo suke kwana.

Sai Hajiya ta karɓe zancen: jikoki fa, ina za su kwana ranar Sallah? Hajiya, Sallah biyu ce a shekara. Su zo bayan an sauko idi, su ci tuwo, su karɓi barka da Sallah, kafin magariba iyayensu sun kwashe su. Waɗanda suka kwana kuma, faɗi gaskiya, a ina suke kwana? A ɗakinki, su bakwai kan katifa ɗaya, don ba wanda zai yarda ya hau sama shi kaɗai.

Akwai kuma masu cewa wannan ɗabi'ar Turawa ce, mu ba mu san rage gida ba. Su ne suka fi ba ni dariya, domin da yawansu a gidan ƙasa aka haife su. Ku tuna gidan kakanku a cikin birni. Zaure ɗaya ne, amma ciki sassa ne. Ɗa ya yi aure, a ja katanga a fitar masa da sashe. Tsohuwa ta gaji da hidima, ta bar wa surukarta madafi, ta koma ɗaki ɗaya da 'yar rumfarta, jika na kwana wajenta. Maigida ya manyanta, rayuwarsa ta tattara tsakanin turaka da zaure da masallaci. Ɗakin da ba mai shiga a daina yi masa yaɓe, in ya zube a ɗaure awaki a wurin, in kuma wani zai yi aure a kwaɓa ƙasar a sake ta da shi. Gidan yana faɗi yana tsukewa daidai da mutanen cikinsa, kuma ba a taɓa cewa kaka ya karye ba. Kankare da bene ne suka zo suka hana mu wannan dabarar, sai muka ɗauka taurin siminti shi ne al'ada.

Inda nake tare da ku ɗari bisa ɗari shi ne batun barin unguwa. Kada yara su zo da ɗoki su ɗauke tsoho su kai shi wani rukunin gidaje a bayan gari, inda maƙwabci bai san sunan maƙwabci ba. Mutumin da ya shekara arba'in a sahun farko na masallaci ɗaya, wanda mai shayi da mai kanti suka san muryarsa, in ka raba shi da wannan ka cuce shi, ko da tayil ɗin sabon gidan na sheƙi. Ai ba dole sai an tashi ba. A ja katanga, a fasa ƙofa ta gefe, a sa mutanen kirki haya a sama, kuɗin ya riƙe ƙasa. Ko a kira ɗan da ke biyan haya a wata unguwa ya dawo da iyalinsa. In sayarwar ce ta fi, a nemi ƙarami mai hawa ɗaya inda za a riƙa jin kiran sallar ladanin da aka saba.

Saura babbar hujjar da ake ajiyewa sai ƙarshe: ai na yara ne, gado zan bar musu. Madalla. Amma magada goma sha biyu, namiji rabo biyu mace ɗaya, ta ina za su raba matakala? Ƙarshenta sayarwa za a yi, wani lokacin ma sai an je gaban alƙali, mai saye kuma ya rushe ya yi shaguna ko makaranta, kamar yadda kake gani a layinku. Hajiyar da kake cewa don ita ka riƙe gidan, tumunin takaba ne rabonta, in kuma tana da abokan zama su raba shi tare. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji. Kyauta kuwa a mazhabarmu ta Malikiyya sai an yi ta da lafiya, an kuma miƙa an karɓa. Ka tambayi limaminku in kana ganin ƙari na yi. Takardu ma ba a rana ɗaya ake gama su ba, tunda dokar filaye ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake sauya mallakar fili mai takardar shaida. Wannan zirga-zirgar gara ka yi ta da ƙafarka da ka bar wa mai takaba.

Na ji, har yanzu ba ka gamsu ba. To gobe bayan asuba ka karɓi makullan a hannun Hajiya, ka hau ka buɗe ɗakunan ɗaya bayan ɗaya. In ka sami wanda aka kwana a cikinsa bana, ka aiko a gaya mini, ni zan biya kuɗin fenti.